Ludayin Kawu

Jiya a wani shago a garin Wheaton, nan ƙasar waje da muke zaune, 'yata da ba ta amsa mini sai da Turanci ta ɗaga ludayin duma ta ce, "Baba, ga ludayin Kawu!" Sai da na juya na share ido.

Marigayi Kawu, yayan mahaifiyata, wanda shi ma a nan ya zauna, maƙwabcinsa ɗan Norway ya taɓa nuna masa wata kalma da Turawan Ingila suka binne, alhali a Norway har gobe ana faɗinta. Tun daga ranar, don kada kalmominmu su ma su ɓace a nan, yaro ba ya shan kunun gyaɗa a gidan Kawu sai ya ambaci ludayi da Hausa.

"Kalma baƙuwa ce," in ji shi, tururin kunu na rufe gilashinsa. "Inda aka ba ta masauki, nan take rayuwa."

Allah Ya yi maka masauki a Aljanna, Kawu. Baƙuwarka ta zauna.