Kambun Da Ya Je Yaƙi Biyu

A tashar jirgin ƙasa ta Nguru nake kallonta, ranar da sojojinmu ke dawowa daga yaƙin Burma. Tsohuwa ce 'yar firit, ƙafafunta duk taɓon hanyar Gashuwa. Kowa na ɗage yana leƙen taragu, ita kuwa ta kau da kai tana gyaran ɗankwali, kamar kifi ta zo saye.

Wani dogon soja ya ratso jama'a, ya durƙusa a gabanta. Ko kallonsa ba ta yi ba. Nan na gane ɗan farinta ne. Sunansa ma ba za ta kama ba, balle ta nuna ɗoki a idon mutane.

"Iya, na dawo," in ji shi.

"To," kawai ta ce, ta miƙa hannu.

Ya kwance wani tsohon kambu daga damtsensa, fatar ta yi baƙi don gumi. Ina jin ita ta ɗaura masa ranar tafiya. Ta karɓa, sai ta shiga yi wa kambun magana.

"Kai ka raka ubana yaƙi zamanin Rabe, ka dawo da shi. Yau ga wannan ma ka dawo mini da shi. Sannu da hanya, sannu, sannu!"

Ta ɗaga kambun sama, ta rangaɗa guɗa har ta danne kukan jirgi. Sojan na durƙushe, yana dariya hawaye na zuba. Ya san da wa take.