Siririn Bututu a Ɗakin Surukina

Shekarun baya, lokacin da noman rani ya kankama a ƙasan madatsar Goronyo, ina da shagon injinan ban-ruwa da bututu a Wurno. Duk mai albasa a fadamar nan ya san ba na rufa-rufa. In injinka ya fi ƙarfin tiyonka, a gaban jama'a zan faɗa maka.

Sai Malam, mahaifin matata, ya ajiye aikin gwamnati, wani ɗansa ya aiko masa da akwatin gilashi na kifin ado daga birni. Aka ce ni zan haɗa, tunda ruwa sana'ata ce. Ƙaramin famfo ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa cikin gilashin, in ya kai wani rami kusa da baki sai ya gangaro ta bututu ya koma tankin. Na kawo bututu mai inci ɗaya da rabi. Malam ya dube shi ya ce nan ɗakin karatu ne, ba gonar albasa ba. Ya nuna mai rabin inci, irin wanda ruwan ke shigowa ta cikinsa, ya ce abin da ya shiga ta nan ai zai fita ta nan.

Na san ba haka ba ne. Ruwan da ke shigowa turo shi ake yi, mai fita kuwa da kansa yake gangarowa, ga iska na tare masa hanya. Kuma taku biyu daga akwatin, a kan tabarma, ga littattafan mahaifinsa na rubutun hannu cikin gafakoki huɗu na fata. Amma ta ina zan ce wa suruki ya yi kuskure, ni da ko ido ba na haɗawa da shi? Na ce, "To, Baba." Da hannuna na rage bakin ramin na ɗaura siririn.

A gida na gaya wa matata ɗakin zai yi ambaliya. Ita ma ba ta iya tunkarar mahaifin nata, ta kai wa mahaifiyarta. Kafin maganar ta isa wurin Malam ta koma cewa mijin ɗiyarsa ya yaba da aikin, sai dai a riƙa leƙawa. Ya aiko mini da godiya har da ƙwan zabi. Na ci ƙwan nan ina takaici.

Bayan 'yan makonni gansakuka ta taru cikin bututun. Wata Juma'a ni da Malam mun dawo daga masallaci tare, muka tarar ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin karatun. Famfo na ta aikinsa, kifi biyu a ƙasa. Ban bi ta kansu ba, gafakokin na kwashe. Uku sun tsira. Ta huɗu, wadda ke ƙasa, tawadar shafukanta na ƙarshe ta narke, ba a iya karanta ko layi.

Malam ya daɗe yana kallon takardun. Da matata ta faɗa masa abin da na ce tun farko, sai ya juyo gare ni.

"Kai da kas sani, mi ya hana ka hwaɗi?"

Na ce kunya ce, Baba.

"To kunyar taka ta karanta min wanga shafi."

Washegari na sa babban bututun, na ƙara na biyu a samansa saboda ranar da na farko zai toshe. Bai ce komai ba game da muninsu.

Har yau in na tuna raina na ɓaci, kuma ba da Malam ba. Shi bai san ruwa ba, ni na sani. Tun daga lokacin, in dattijo ya zaɓi abin da ba zai yi ba, nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, sannan in faɗa masa da bakina, ba ta bakin kowa ba. Shafukan nan kuwa an tambaya har garin Rabah, ba a sami wanda ke da kwafinsu ba.