Takalmin da Na Auna da Tsinke

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina yarinyar nan?" ko da kuwa ina tsugune a gabansa ina gaishe shi. Na yi aure, na haihu, na zama malamar firamare, amma a bakinsa ban wuce yarinyar nan ba. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na taso na gani, kuma ni ma ban iya haɗa ido da shi ba.

Magini ne. Da ƙasa ya fara, tun lokacin da ake kwaɓa ta da ƙafa a lungunan Kwarbai, a zuba ciyawa a yi ta tattakawa har ta yi danƙo, sannan a mulmula tubali. Da zamani ya juya sai ya koma bulo da siminti, amma ƙafar tana nan yadda ƙasa ta bar ta: faffaɗa, yatsun a warwatse, diddigen duk faso. Silifa kawai yake sawa, ita ɗin ma in zai hau gini sai ya tuɓe ya ajiye a gindin bango.

A shekarar da aka gano yana da ciwon suga, a shekarar ya taka ƙusa a wani gini a Tudun Jukun. Ƙafar dama ce. Ciwon da wani zai warke a mako guda, shi sai da ya ci masa wata uku a zaune. Ranar da aka sallame shi daga wankin ciwon, likitan ya kira ni da Inna gefe ya ce, "Wannan karon Allah ya taimaka. In ya sake jin ciwo a ƙafar nan, ba zan yi muku alkawarin za ta tsaya a jikinsa ba. Ko ya bar gini, ko ya riƙa sa takalmin aiki mai rufi."

Baba ya bar gini? Inna ko gwada faɗa masa ba ta yi ba. Saura takalmi ke nan, na kuwa ce ni zan saya.

To amma lamba nawa yake sawa? Mutumin da tunda yake bai taɓa sa sau-ciki ba, shi kansa bai sani ba. Ni kuma ba zan iya zuwa in ce, "Baba, miƙo ƙafarka in gani" ba. Ko a mafarki. Sai na yi abin da iyayenmu mata ke yi in za su sayo wa yara takalmin Salla. Na jira ya shiga ɗaki cin abinci, na zaro tsinke daga tsintsiyar Inna, na ɗora a kan silifarsa daga diddige zuwa babban yatsa, na karya daidai nan, na ɗaure a bakin mayafina. Har wani daɗi nake ji, wai ni mai dabara.

Ni in na shiga kasuwa ba na wasa, wannan ko maƙiyina ya shaida. Shagon farko a Sabon Gari, mai shi ya miƙo mini wani yana ta sheƙi. Na lanƙwasa shi da hannu biyu, sai ga bakin ya buɗe, gam ne kawai ya riƙe shi. Na ce, "Malam, wannan ai ko gidan biki ba zai kai mutum ya dawo da shi ba, balle gini." Ya ce in ba saye zan yi ba in ba shi wuri. Na ba shi. Na biyu roba ce aka yi wa fentin fata. Sai can ciki, wajen masu gwanjo, na sami wani dattijo da ya saurare ni har na gama bayani, sannan ya jawo wani baƙin takalmin but daga ƙarƙashin benci. Fatar mai kauri, ɗinki layi biyu ya zagaye shi, ga ƙarfe a bakinsa saboda faɗowar bulo. Ya kifa shi, ya ɗora ƙusa a tafin ya buga da guduma, ƙusar ta lanƙwashe.

"Hajiya, wannan sai dai ku gaji da ganinsa," in ji shi.

Na kwance tsinkena na zura a ciki. Ya kwanta lafiya lau, har da rarar yatsa guda. Tsada kam ya yi tsada, atamfar Sallata ta wannan shekarar a nan ta tafi, amma ko a jikina. Na rungumo shi a cikin keke har cikin birni.

Inna na ba wa, ta kai masa. Da ta fito ta ce, "Ya ce Allah ya yi albarka." Shi ke nan, kuma ya ishe ni.

Tun daga washegari bai sake fita aiki babu shi ba. Abokansa na zaure suka sa masa Injiniya, yana jin su yana murmushi. In ya dawo da yamma shi da kansa yake goge simintin da tsumma, ya jingine shi a inuwa. Ni kuwa baki har kunne. A makaranta na dame malamai 'yan'uwana da wa'azi: ku daina sayen na banza sau uku, ku daure ku sayi na kirki sau ɗaya. Na lura tafiyarsa ta ɗan sauya, yana jan ƙafar dama, sai na ce nauyin takalmin ne, zai saba. Na lura ko a gida ba ya cire safa, sai na ce sanyin damina ne. Komai na gani ina da amsarsa, saboda ba na son a taɓa mini takalmina.

An yi kusan wata biyu a haka. Wata rana ina dawowa daga makaranta igiyar takalmina ta tsinke a wajen Ƙofar Gayan, na tsaya gun wani tsoho mai gyaran takalma da ke zama a gindin bishiya. Abokin Baba ne tun suna samari, mu ma Baba muke ce masa. Yana ɗinki yana magana, kansa a sunkuye.

"Ke kika saya wa maginin takalmin nan ko? Kin iya zaɓe, 'yata. Na daɗe ban riƙe irinsa ba."

Na gyara tsayuwa ina jiran ƙarin yabo.

"Sau uku yana kawo mini shi in buɗa masa. Na jiƙa, na shafa man shanu, na cusa itace ya kwana biyu a ciki. Fatar ta ɗan saki, amma ƙarfen bakin nan ba ya jin magana. Na hagu yana shiga da dabara. Na dama ne ke cinsa, kin san tun ƙusar nan ƙafar ta ƙara faɗi. Na ce ya mayar a canza masa, ya ce ba za a ji wannan daga bakinsa ba, yarinyar ta wahala." Ya ɗago ya dube ni. "Au, ba ki sani ba?"

Ban tsaya ya gama ɗinkin ba. Da takalmi ɗaya a ƙafa na isa gidanmu.

An idar da la'asar, yana zaune a kan tabarma a zaure, but ɗin a gefensa, safa a ƙafarsa. Tunda na yi wayo hannuna bai taɓa taɓa jikin mahaifina ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri," na kama ƙafar daman na fara zare safar. Bai janye ba. Ya juya fuskarsa wajen bango, ya ɗan ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga tsakar gida, ya ce, "Zo ki ga abin da yarinyar nan take yi."

Safar ta manne, sai a hankali ta fita. Warin ne ya fara isowa. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi ƙirin, gefen ƙafar ya kumbura yana ruwa. Inna da ta leƙo ta dafe bango tana salati. Ashe ita ma ɓoye mata yake yi, shi yake wanke safarsa, don ya san in ta gani zan ji.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" na ce. Da ƙarfi na faɗa, a gaban ƙofar gida, ni da ko gaisuwa a ciki-ciki nake yi masa. "Takalmi ne fa, Baba. Takalmi kawai."

Yana ta kallon bangonsa.

Kwana biyu muka yi a asibiti ba mu san ko yatsa za a cire ko ƙafar gaba ɗaya ba. A kwana biyun nan babu irin zagin da ban yi wa kaina ba. Tsinke tsawo yake aunawa, ba ya auna faɗi. A ƙafar yaro ba komai, takalmin Salla ne, kwana uku an manta. Ni na ɗauki wannan na auna ƙafar da ta shekara arba'in tana tattaka ƙasa. Kuma da na banzan nan mai gam na saya, da tuni ya yage ya ba ƙafar wuri. Nagartar da na yi ta fariya da ita, ita ta ƙi sakinsa.

Yatsan aka cire, ƙafar ta tsira. Da safe suka bar mu muka shiga. Yana kwance, ƙafar a naɗe da bandeji an ɗora ta a kan filo. Na zauna a ƙasa daga wajen ƙafafunsa, na so in ce ya yafe mini, kuka ya hana. Na yi ta yi kamar ƙaramar yarinya, har matar mai gadon kusa ta fara ba ni haƙuri.

Ya bari na yi mai isata. Can sai ya dubi Inna ya ce, "Faɗa mata ta bar kukan nan haka. Kada kuma wani ya ba da takalmin, na kirki ne." Ya ɗan motsa ƙafar a kan filon, ya dube ta. "Yanzu ai zai shiga."

Ya kuwa shiga. Shekara shida ya ƙara yana hawa gini da shi, ko ɗinki ɗaya bai saki ba, ƙusa ba ta sake samunsa ba. In na je gida na tarar da takalman a jingine a inuwa, nakan gaida Baba, in gaida Inna, in zauna inda bayana zai juya musu. Har ya bar aiki ban iya kallon na daman ba.