Magagarin Baba

Ko na tsufa har na manta inda na ajiye carbina, ba zan manta da Babbar Sallar da na ƙera wuƙata ta farko ba. Shekarar ce mahaifina ya rasu, maƙeri ne a unguwar Briqueterie, ya bar rumfa da zugazugi da uwar maƙera, kuma bai bar ɗa namiji ba, sai ni 'ya mace.

Bayan sadakar arba'in, ƙaninsa ya zo da masu sayen tsoffin ƙarafa, har da ma'auninsu. Uwar maƙerar da Baba ya ƙare rayuwarsa a kanta za a auna a kilo! Raina ya ɓaci, na je na zauna a kanta daram. Na ce, "Baffa, sai dai a auna har da ni."

Ya ce, "Ke 'yar nan, mace da ƙira? Zuga wuta kawai kika iya."

Gaskiya ya faɗa, ban taɓa ƙera ko allura ba. Amma na ƙi tashi. Da ya gaji, ya ce to in ƙera wuƙar da za ta feɗe ragon layya tas ba a sake wasa ta ba. In ta yi, rumfa tawa ce. In ba ta yi ba, ranar da aka gama Sallah za a kwashe komai.

Washegari na tafi wajen masu tsoffin ƙarafa ta gefen unguwar Messa. Wani ya miƙo min ƙarfe mai sheƙi, wai inoks ne, irin wanda ba ya tsatsa, ya dace da mace. Na ce masa ba madubi na zo saya ba. Wani ya kawo rodin gini, na goga shi a dutse, ya ci kamar sabulu, na ajiye masa abinsa. Ni resor ɗin mota nake nema, wato sifirin, don shi na ga Baba yana sarawa. Na samu guda, duk tsatsa, na ɗauko shi a ka ana bi na da dariya.

Abin da ban sani ba a lokacin, tsohon resor yakan ɓoye tsaga a cikinsa. Na yi kwanaki ina duka, tafin hannuna duk ya yi bororo. Da na tsoma wuƙar da zafinta a baƙin mai don ta yi tauri, sai na ji ƙas, ta rabe biyu. Baffa yana wucewa, ya leƙo, ya ce, "Sannu da aiki." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ga Sallah ta matso, ba halin sake gwada sa'a a kasuwa. Ina kuka ina tattara kaya, idona ya faɗa kan magagarin Baba, wanda haƙoransa suka cinye don aiki. Ƙarfen da ke cin ƙarfe, ai ba a tambayar taurinsa. Na rataye shi a zare na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara garau, ba alamar tsaga. Na daɗe ina riƙe da shi, don gurbin yatsun Baba yana nan a ƙotar. Sannan na tura shi cikin gawayi.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Bayan na ƙera wuƙar na tsoma ta a mai, na mayar da ita gefen wuta har ta yi ruwan zuma, don kada ta yi taurin da za ta karye.

Ranar Sallah Baffa ya karɓa da kansa. Ya feɗe ragon tun daga wuya har wutsiya, dutsen washi yana gefensa bai taɓa shi ba. Yana goge ta, babban yatsansa ya tsaya kusa da ƙota, inda na bar sauran haƙoran magagarin.

Ya ce, "Na Yaya ne?"

Na ce, "Nasa ne."

Ya juya min baya, ya daɗe yana wanke hannun da ya riga ya fita. Masu ma'auni ba su sake zuwa ba.

Har yau ina cikin rumfar nan, mahautan unguwa a wurina suke sayen wuƙa. Abin da na koya shi ne, ƙarfe sai an ƙwanƙwasa shi ake sanin halinsa, kuma in aka zo auna abin gidanku a kilo, ki zauna a kai ki ƙi tashi.