Malam Salisu da Ruwan Alwala

Ƙarfe bakwai na safe Malam Salisu ke sauka daga tram, jirgin ƙasan cikin gari, a Villeurbanne. Shekara ashirin da shida yana buɗe labo ɗaya, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ya wanke kwalabe, ya ba ƙananan kifaye abinci. A kan kifayen ake gwada maganin da ake fesa wa man fetur in ya zube a teku. Maganin ba ya kwashe man. Farfasa shi yake yi ƙanana ƙanana, ya nutse, ido ya daina gani. Masu digiri ke rubuta sakamako. Shi ke tsame gawar kifin daga ruwa garai-garai.

Watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa na rubuta.

Bara yayana Rachidou ya samu aikin wata biyu a jirgin ruwan da ke fesa maganin. Su biyar ne Musulmi. Ya turo bidiyo a gurup ɗin ƴan garinmu: ya ɗebo ruwan teku a bokiti yana alwala, ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci. Muka yi ta sa masa albarka. Malam Salisu a cikin tram ya gani. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba da ya kira shi.

"Rachidou, zubar da ruwan nan."

"Kawu, ina kwana dai tukuna. Ruwan teku ai mai tsarki ne, kuma dubi yadda ya yi tas."

"Haka ruwan kifina yake. Kwana nawa kuna yi?"

"Tara."

Malam ya ce su yi da ruwan sha, in babu su yi taimama a bakin gaɓa, kuma ya miƙa wa sauran huɗun wayar ɗaya bayan ɗaya.

Rachidou ya dawo da tari da ƙuraje a hannu. Likita ya ce mura ce. Malam ya rubuta sunan maganin a takarda, ya ɗauki hutu, ya raka shi wurin likitan, ya zauna har aka karanta.

Har yau tarin bai tafi ba. Bene biyu ne gidanmu a Guillotière, sai ya huta sau uku kafin ya kai sama. Ran Alhamis za a sake duba huhunsa. Ina jin tsoro.

Kawu, kai ne mai ido a inda muka ga tsabta. Ba ka warkar da shi ba, ba ka ce za ka iya ba. Amma saura kwana hamsin a jirgin lokacin da ka kira. Alwala sau biyar a rana.

Mun gode. Allah ya saka.

Ku ƴan labo da kuka fi shi takarda, Malam zai tafi. In kun ga irin bidiyon nan, ku kira. Gaisuwa ta biyo baya.