Usɗa Sa'idu, na bayan kowa a gangare

Kullum in an fito asuba, Usɗa Sa'idu (Usɗa shi ne gwanin sana'a a nan Sudan) yana ƙarƙashin kukar bakin kasuwar Rusairis, ya ajiye kwanon ruwansa na neman huji, ya rataye famfo a jikin icen. Shekara ashirin da uku yana gyaran keke a nan. Duk ajalar da aka kawo, wato keke, ko faci kaɗai ake so, sai ya matsa birki ya ji kafin ya sake ta. Yanzu hannu ya soma rawa, ya ce ƙarshen watan nan zai naɗe tabarma.

Ni Maliki ke faɗa ana rubutawa. Ban shiga makaranta ba, amma na ɗauki dutse a aikin hazzan, madatsar ruwan nan, har aka gama ban kwanta ciwo ko yini guda ba. Mu shida muka sayi keke da gumin aikin, yau saura biyu, ni da shi.

Duk Alhamis bayan la'asar mukan hau zuwa duwatsun bayan gari. Babu wanda ya taɓa riga ni kaiwa tudu, a tambaya. A can sama kuwa doka ɗaya ce, ta Usɗa: ba mai gangarawa sai Usɗa ya matsa masa birki ya ji, ya sallame mu ɗaya bayan ɗaya, shi ya zo a ƙarshe.

Shekara guda bayan an gama hazzan, abokina Alhasan ya zo daga Wad Haddad, can ƙasar Jazira, da kekensa a kan lori, bayan tsinkar auduga. Ƙasar Jazira shimfiɗe take kamar faifai. In robar birki ta cinye, mutanen can ba su damu ba, sai mutum ya danna diddigen takalmi a taya ya tsaya. A hawa babu wanda ya lura robar Alhasan ta cinye. Da aka sallami huɗu suka gangara, saura mu uku, Usɗa ya matsa birkin Alhasan, ya ji wayam.

"Wannan ajala ba ta sauka," in ji shi. "Hau tawa, Alhasan. Ni in jawo taka da ƙafa."

Alhasan har ya miƙa hannu zai karɓa. Sai na yi dariya.

"Ya zol, mutumina, mi kake tsoro? Ashe 'yan Jazira sai bakin lambatu! In ka hau ta Usɗa, gobe har mata su ji."

"Maliki, rufe bakinka," in ji Usɗa. "Dutse bai san wasa ba."

Alhasan ya dube ni, ya fizge kekensa, ya ce, "Mu haɗu ƙasa, mai baki."

A kwanar da ke bisa kwazazzabo diddige ya kasa. Muna gani takalmin ya fice. Usɗa ne ya sauka cikin duwatsun ya goyo shi, rana tana faɗuwa, jini yana bin rigarsa. Kafin a kira magariba Alhasan ya cika a bayansa.

Gari ya ɗauka: ai keken ya bi ta hannun Usɗa, shi ya sallame shi. Mutane suka janye kekunansu wata da watanni. Hannatu, matar Alhasan, ta dawo wurin 'yan uwanta a nan, kullum tana bi ta gaban kukar nan za ta kasuwa, shekara goma sha ɗaya ba ta ce masa sannu ba. Shi bai buɗe baki ba. Ni ma, mai bakin gari duka, ban buɗe ba.

Kai ne, Sa'idu, ka ɗauki kayan da ba naka ba, ba ka ko gyara gammo ba. Kai ne duk keken da ya sauko daga lorin Jazira kake tare mai shi a hanya, ka sa masa roba sabuwa, in ya tambayi dalili ka ce, "Nan akwai tudu." Mahadi mai shayi ya ga wannan ba sau goma ba. Na bayan kowa a gangare, na gaban kowa a haƙuri.

Da na ji za ka tashi, na ga in ka bar gindin kukar da baƙin sunan mutuwar Alhasan, shi ke nan ya bi ka. Ranar Talata na je zauren su Hannatu, na faɗa mata duka, har da dariyar. Ta ce, "Tashi ka fita, Maliki." Na fita.

Jiya ina zaune wurinka ta zo wucewa. Ta tsaya. Ta ce, "Usɗa, ina wuni?" Sifana ta faɗo daga hannunka. Ka amsa da kyar, ta wuce, sannan ka juyo ka ce, "Maliki, wa ya aike ka?"

Babu wanda ya aike ni, Sa'idu. Latti ne na yi.

Na gode, Allah ya saka maka, ya ji ƙan Alhasan. Ku masu sana'a, ku je ku ga yadda yake matsa birki tun bai naɗe tabarma ba. Ku kuma masu baki irina, in mai gyara ya ce ba ta sauka, ku yi shiru.