Shanun Elihu Tibbetts

Da fentin allunan shaguna Elihu Tibbetts ya fara, a wani ƙauye a bakin kogin Hudson na Amurka, kafin ya ga hannunsa ya fi ƙarfin rubuta sunan mahauta. Ya koma zanen duwatsu da dazuzzuka. Da bazara ya hau dutse sauro ya yi ta cinsa, da sanyi ya shige ɗakinsa a New York ya ƙarasa zanen, ya kuma zuba shanu a gindin kowane dutse, ko akwai su a wurin ko babu.

Burinsa ɗaya ne a duniya. A baje kolin zane na shekara-shekara, cika bango ake yi har rufi: na manya a rataye daidai ido, na ƙananan ƙwari can sama inda gizo-gizo ke saƙa. Elihu daidai ido yake so. Kwamitin da ke rataye zane-zanen kuwa kullum sama suke cilla shi.

"Mista Tibbetts, ni fa na gaji," in ji matarsa Lavinia. "Duk shekara sai na dawo gida da ciwon wuya saboda shanunka."

"Rabu da su, Lavinia, idonsu zai buɗe."

Bai buɗe ba. Da gemu ya fara fari, Elihu ya saduda, ya koyi dabarar mazauna sama. Abin da aka kalla daga ƙasa gajarcewa yake yi, don haka ya riƙa miƙa komai: bishiyoyi zanƙala-zanƙala, shanu da ƙafafu kamar na raƙumi. Daga ƙasa kuwa, wallahi, sai ka ga saniya sak. Har masu saye ya samu cikin masu gidaje da dogon bango.

Shekarar da hannunsa ya fara rawa, bayan ya kai zanensa, shugaban kwamitin ya ji tausayinsa. "Dattijon nan ya daɗe da mu, a sauko da shi." Ba wanda ya gaya masa.

Ranar buɗewa Elihu ya shigo cikin kwat ɗin aurensa, ya ɗaga kai yadda ya saba, bai ga zanensa ba. Dariyar jama'a ce ta kai shi wurin. Ga shi nan daidai ido, an yi masa zobe.

"Jama'a, wannan saniya ce ko tsani?" in ji wata mata.

Kunya ta rufe shi. Ya ratsa taron ya samo shugaban, ya cire hula.

"Yallaɓai, don girman Allah, ku mayar da ni sama."